Yaro Mai Kai a Ƙasar Gwandu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda mu mutanen wannan yanki muke kira Mai Gwandu, ya bar wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya durƙusa gabansu da abin da ya karanta wurin kowane. A ciki ya nuna cewa Alƙur'ani wurin mahaifinsa ya karanta shi, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi hannun yayansa, Shehu Usmanu. Abin da ya daɗe yana ɗaukar hankalina, ni da na ƙare ƙarfina da alli a hannu a firamaren ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama, shi ne abin da ya fara ambata cikin karatunsa wurin Shehu: Ishiriniya, da Witiriya, da waƙoƙin mawaƙan nan shida na Larabawan jahiliyya. Tauhidi da nahawu suna nan, amma waƙa ce ta buɗe lissafin. Shehu ya ga ƙanen nasa yana da kai, sai ya fara da gyara masa harshe da kunne.

Kowa ya ga abin da hakan ya haifar. Kafin rasuwarsa a Gwandu cikin 1829, yaron nan ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili, ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi cikin Tazyinul Waraƙati, ya kuma ɗauki ilimin da ɗalibai suka fi jin tsoro, nahawu da sarfu, ya tsara su a waƙe cikin Bahrul Muhiɗi da Hisnur Rasin domin mai karatu ya iya riƙe su da ka. Wato abin da aka yi masa yana yaro, shi ya juya ya yi wa na baya. A ganina nan ne gaba ɗayan dabarar magabatanmu take game da yaro mai baiwa: a kaifafa masa baki, sa'an nan a ɗora masa nauyin wasu tun bai gama girma ba.

Garuruwanmu ma da karatu aka kafa su. Gimbana, wadda Yunfa Sarkin Gobir ya aika aka faɗa wa gab da hijirar Shehu ta 1804, mazaunin wani malami ne, Abdussalami, tare da almajiransa. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega bayan rigingimun da suka biyo rasuwar Shehu sun lafa, da yardar Gwandu. Daga baya Jega ta shahara da kasuwa har ta rufe sunan karatun, amma duk wanda ya tashi a Dangamaji ko Kimba ko Gindi ya san ba unguwar da ba ta da zauren da ake jin muryar yara da asuba. Mata kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi musu nasu tsarin a Sakkwato da Wurno. Takan zaɓi mace mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ta koya mata waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulfulde, ita kuma ta koma ta koya wa matan da ake kira 'yan taru. Dubi zaɓin nan da kyau. Ba a ɗauke mai basirar daga ƙauyenta don ta ji daɗi ba, an ƙara mata aiki ne.

Makarantar allon da na yi a Dangamaji kafin a kai ni boko haka take tafiya, ko da yake malaminmu bai taɓa kiran abin da suna ba. Muna zagaye da wutar kara da daddare, kowa da allonsa a cinya, ƙanana na babbaƙu, suna ta alu, ambaki, wau, zal, na gaba da su na farfaru, manya na tilawa. Ga mai wucewa hayaniya ce kawai. Malam kuwa yana kishingiɗe a buzu kamar mai gyangyaɗi, amma ko wasali ɗaya ka karkatar can ƙarshen da'ira, sai ka ji ya ɗaga murya ya gyara, bai ko buɗe ido ba. Da wannan kunnen yake gane mai kai. Yaron da aka biya wa sau biyu ya riƙe, wanda ya wanke allonsa tun kafin a kashe wuta, wanda kake ji yana bin karatun na kusa da shi a hankali bayan ya gama nasa, Malam ya gan shi tun tuni. Ba zai yabe shi ba. Yabo a gaban yaro, a wurinsu, ɓata shi ne, ga kuma tsoron baki. Abin da za ka ji kawai shi ne, "Kai, tahi ka biya ma ƙannenka." Shi ke nan, an ba ka kolo uku ko huɗu, masu majina da kuka, kuma in ɗayansu ya zo gaban Malam bai iya ba, kai za a tambaya.

Daga nan aiki sai ƙaruwa. Kai ne mai fiƙe alƙalamin gamba, kai ne mai dafa tawada da ƙaro, kai ne mai rubuta wa ƙanana allo da safe, kuma hannunka dole ya yi kyau don Malam zai duba. Ranar Laraba kai za a aika ka karɓo kuɗin Laraba gida gida, ka kawo su cif. In an yi baƙo kai za ka kai ruwa, ka durƙusa, ka san gaisuwar da ta dace da malami da wadda ta dace da basarake. Yaron da ya fi kowa saurin hadda shi ne ya fi kowa shan aike. A lokacin muna ganin zalunci ne. Sai da na riƙe aji na gane cewa haƙuri da amana ba a koyar da su da baki, sai an ba yaro abin da zai iya ɓatawa, a zuba masa ido.

Rabin tarbiyyar ke nan. Ɗaya rabin a tsakar gida ake yin ta, kuma mata ne malamanta. Kakata ta wajen uba, wadda ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "maigida", tana da tabarma a ƙofar ɗakinta da ba ta rabo da jikoki bayan sallar lisha, musamman da kaka, in an kai amfanin gona gida hankali ya kwanta. Da rana ba a tatsuniya, an ce mai yi zai ɓace, kuma ko ba a faɗa ba ka san dalili: da rana akwai aiki. Ba ta fara da tatsuniya, sai ta ɗumama mu da kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya ce tsintsiya ya tsira. In duk muka kasa, sai ta ce a ba ta gari. A ba ta Maiyama ta ce ta ƙi, a ba ta Tambuwal ta yi tsaki, sai an kai ga Sakkwato ko Makka sa'an nan ta karɓa, ta kwashe arzikin garin da baki, ta bar mana ƙura, kana ta faɗi amsa. Da wannan wasan na san sunayen garuruwa da wane ya fi wane girma tun ban taɓa wuce Jega ba.

Ita ma tana da nata gwajin. In ta lura da jikan da ke riga kowa amsa, wata rana tana tsakiyar labari sai ta tsaya, ta ce, "Maigida, na manta. Mi Gizo yac ce ma Ƙoƙi?" Dole ka ɗauka daga nan. Ka yi muryar Gizo da tsamin bakinsa, ka rera waƙar da ke ciki, ka kai labarin har ƙurunƙus ba ka zubar da komai a hanya ba, ga 'yan'uwanka suna jiran ka yi tuntuɓe su yi maka dariya. Duk abin da littattafan koyarwa na yau ke kira sauraro da magana da fahimta da jeranta tunani, a kan tabarmar nan aka yi mana shi, har da ƙarin karya harshe da zaurance da muke koya wa juna a dandali.

Kuma ku duba wane ne gwarzon yawancin labaran. Gizo ai shi ne yaro mai kai wanda bai sami tarbiyya ba. Ya fi kura wayo, ya fi zaki, ya fi giwa da dorina, amma ciki ne ke jan sa, ba ya riƙe amana, ba ya jin kunya, kuma sau da yawa ƙarshensa gudu ne ya maƙale a bango. Yaro yana dariya yana sha'awar dabararsa, a lokaci guda yana ganin inda dabara ke kai wanda ba shi da hali. Tsofaffin nan ba su yi wa mai wayo huɗuba ba, sun nuna masa kansa ne a cikin Gizo. Turawan mulki sun ga darajar abin da wuri, ko da yake don koyon harshe suka tara shi. Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai sun rubuta labarai da ajami, Frank Edgar ya karɓa ya ƙara, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Shekaru da yawa bayan haka wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Kirk-Greene, ya fitar da ɗan nazarinsa kan mutumin kirki a 1974, ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Hikima guda ce cikin goma, kuma kakata ba ta buƙatar Bature ya gaya mata.

Kada a ce ina wanke tsohon zamani. Yana da nasa laifin, kuma na gan shi da idona. Bulala ta kori yara da yawa daga karatu waɗanda ba dakikai ba ne, tsoro ne ya kulle musu baki. Yaron da ke yawan tambaya ana ce masa mai tsaurin ido. "Wanga yaro baki garai" ba yabo ba ne, gargaɗi ne ga uwarsa. Ɗiya mace kuwa abin ya fi muni. A gidanmu akwai wadda ta fi mu duka riƙe tatsuniya da saurin hadda, ita ke ƙirƙiro sabuwar waƙar gaɗa a dandali sauran su amsa, amma tana kai munzali aka ce kunya ita ce adon mace, aka yi mata aure, allonta ya koma rataye a bango. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u ce ta yi haka, kuma ba sau ɗaya ba.

Boko ta zo da wata hanya dabam: a tsamo yaro a tafi da shi. Daga elementare a zaɓi kaɗan zuwa midil, daga midil a zaɓi ƙalilan zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Ta wannan tsani Ahmadu Bello ya bi daga Rabah zuwa Sakkwato zuwa Katsina, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, haka Abubakar Imam. Da fari 'ya'yan sarakuna da na bayinsu aka fi kamawa, talakawa kuwa ɓoye nasu suke a rumbu in an ji ɗan doka ya shigo gari neman yara. Abin da ya ceci bokon farko daga zama baƙuwa ƙwarai shi ne da Hausa aka fara ta. A 1933 Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labarai, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Bayan 'yan shekaru Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Na koyar da Magana Jari Ce shekaru masu yawa, kuma har yau ina ganin ba a rubuta wa yaro mai kai littafin da ya fi shi ba a harshenmu. Duba gininsa. A littafi na ɗaya aku ne ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya halaka, har magana ta kai tsuntsu ga sarautar waziri. A na biyu gasar ba da labari ake yi tsakanin aku biyu. A na uku Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, yana ba shi labari yana tambayarsa abin da ya fahimta, yana gyara shi in ya yi wauta. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turawa, amma zaman nan na babba da yaro, a ba ka labari a ce kai ma kawo naka, irin na tabarmar kakata ne. Shi ya sa yaran ƙauye ba su taɓa jin littafin baƙo ba.

Ni cikin 'yan 1976 nake, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa. Aka kwashe mu gaba ɗaya, wasu a aji, wasu a gindin bedi, malamai kuwa an horar da da yawansu a gurguje. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da shekarun farko na firamare da harshen da yaro ya tashi da shi, kuma a aji ɗaya da biyu mun yi Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Amma muna hawa aji huɗu sai Hausa ta zama laifi. Monita na rubuta sunan duk wanda ya yi "banakula", a ci shi tara ko a ba shi sharar fili. Sakamakon ba wuya a gane shi: yaron da ya fi kowa baki a gida shi ya fi kowa shiga takardar monita, sai ya koyi yin shiru. Da na zama malami na sha samun irinsu a bencin baya, an rubuta musu "ba ya ƙoƙari" a katin sakamako, alhali in ka bi su dandali da azumi ka ga yadda suke shirya tashe, su raba wa kowa rawarsa, su ƙara baitin da zai sa maigida dariya har ya ba da hatsi, sai ka rasa wa ya kamata a ba sifili.

Gwamnatin tarayya ta tuna da masu baiwa a zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi, aka buɗe makarantarsu ta Suleja a 1990, shekara guda kafin a yanke jihar Kabi daga Sakkwato. Ana shiga da jarrabawa bayan aji shida, karatu kyauta. Ba na ƙin ta, kuma duk yaron da ya samu ina taya iyayensa murna. Sai dai jarrabawar da Turanci ake yin ta, saboda haka abin da take aunawa da farko shi ne gidan da yaro ya fito da makarantar da aka iya biya masa. Sa'an nan ko an dace, an cire shi ke nan daga cikin ƙannensa. Manoman albasa na Aliero sun san cewa dashe na sa albasa ta yi kai, amma sun san kuma irin da aka tuge bai yi ƙwari ba ba ya kamawa. Yaro ɗan shekara 11 da aka tara shi da masu kai zalla, aka gaya masa shi na musamman ne, wa zai biya wa karatu, wa zai yi haƙuri da shi?

Abin da na riƙa yi a ajina ba sabo ba ne, sata na yi daga zaure da tsakar gida. Ranar Alhamis bayan tara nakan ajiye manhaja. Wani mako muhawara: noma da kasuwanci wanne ya fi, ko malami da likita. Dokata ɗaya ce, wanda ya fi iya magana shi zan ba ɓangaren da ba ya so, kuma kafin ya kawo hujjarsa sai ya maimaita ta abokin karawarsa har shi abokin ya yarda an faɗe ta daidai. Ɗan mai shago da aka sa ya kare noma yakan yi fushi da fari, daga baya ya je ya tambayi kakansa. Wani mako kowa ya zo da karin magana ɗaya daga bakin tsohuwar gidansu, ya faɗi lokacin da ta faɗe shi da kan wa. A nan ake jin asirin gidaje, har sai na tsawatar. Masu saurin karatu kuwa nakan ba kowannensu yara uku daga ƙananan aji, su zauna gindin bishiya da littafi ɗaya, kuma makinsu na hali yana rataye da ci gaban ƙannen. Akwai wata yarinya da ta zo ta same ni da hawaye, ta ce, "Malam, wanga ba ya ganewa, na faɗa mai har na gaji." Na ce ta sake wata hanya. Bayan kwanaki na tarar ta mai da baƙaƙen waƙar gaɗa, yaron na tafi yana rerawa. Ban koya mata wannan ba, kuma ba ta taɓa jin sunan Hisnur Rasin ba.

Yau abubuwa sun canja fuska. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, kuma ta buɗe wa 'yan mata ƙofar da aka rufe wa 'yar gidanmu: yarinya ta hau mumbari ta yi karatu gaban sarakuna, a ba ta kyauta, ubanta na alfahari. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana Aliero tun 2006, yaro na iya zuwa digiri bai yi nisa da gonar ubansa ba. A makarantun Islamiyya na yamma har yanzu ana ba ɗalibar da ta fi ƙoƙari ƙaramin aji ta riƙe, ko da yake sau da yawa rashin kuɗin ɗaukar malami ne ya sa, ba dabara ba. Tabarmar kaka ce ta yi rauni. Bayan lisha yanzu kowa na kan waya, kakar ma tana kallon fim ɗin Indiya mai fassara tare da jikoki.

Kwanan baya wata ɗiyar ƙanena da ta fara koyarwa a wata firamare ta yankinmu ta zo gaishe ni, tana kukan aji ya cika har ana zama a ƙasa, ga wasu 'yan yara uku da ke gama aiki tun ba ta gama rubutu a allo ba, sai su dami kowa. Na ce ta raba musu ƙanana, ta kuma gwada kacici-kacici ranar Alhamis. Ta ce, "Baba, ai ba ya cikin manhaja." Na ce mai duba makarantu ba ya zuwa ranar Alhamis bayan tara. Da ta dawo ta ce rabon ƙananan ya yi aiki ga biyu, na ukun ya mari wanda aka ba shi, sai da ta karɓe ta sake masa wani. Kacici-kacicin kuwa sun so shi, har sun fara kawo nasu, na waya da na babur. Sai dai garuruwan da ake bayarwa yanzu Abuja ce da Dubai. Wani yaro an ba shi Jega ya ce ba ya so, wai ya sha zuwa.